Ruwan Gonata Na Tura wa Baba Goni

Salamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don girman Allah ku karanta har ƙarshe ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sukuni.

Ni malamin jogarafi ne a wata sakandare a Haɗejiya, amma asalina wani ƙauye ne a gefen Guri. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gonar shinkafa a fadama, kusan duk damina ambaliya sai ta cinye ta. Bara na ci karo da wani bidiyo a waya a kan mutanen da can na ƙasar Bolibiya, a Kudancin Amurka. Masu binciken kayan tarihi sun gano cewa su ma a ƙasar ambaliya suka zauna kamar mu, sai suka riƙa tara ƙasa suna yin manyan kunyoyi masu tudu, suna haƙa magudanai a tsakani, ruwa ya wuce shuka ta tsira. Har yau daga sama ana ganin shatin aikin. Abin ya shiga raina, na ce mutanen da ba su da ko tarakta sun yi, mu me zai hana mu?

Da rani na ɗauki ma'aikata muka ɗaga gonar, muka haƙa babbar magudana ta gabas. Ana ta yi min dariya, wai boko ya taɓa min kai. Maƙwabcinmu ta gabas ɗin Baba Goni ne, aminin mahaifinmu, dattijo mai iyali goma sha ɗaya. Shi kaɗai bai yi dariya ba, har ruwan sha ya riƙa aiko mana.

Da ruwa ya zo bana, gonata ta tsira. Tasa kuwa, wadda take ɗan tudu-tudu kuma ba kasafai ruwa ke hawanta ba, ta nutse gaba ɗaya, shinkafa tana cikin fitar da kai. Na shiga kwalekwale na je na duba da idona, wallahi bakin magudanata ne ya zuba masa ruwan kai tsaye. Da na koma na sake kallon bidiyon, sai na ji inda ake bayanin cewa aikin na gari guda ne, wannan magudana tana miƙa wa waccan har ruwa ya fita. Ni ban tsaya na ji wannan ba tun farko.

Kwana huɗu bayan haka Baba Goni ya yanke jiki ya faɗi a bakin gonar, ɓarin jikinsa ya shanye. Kowa ya ɗauka ambaliya ce kawai irin ta kullum ta cinye masa gonar. Yayana Sale ne kaɗai ya gane, mun yi ta sa-in-sa, ya ce in na buɗe baki zumuncin shekara hamsin ya mutu, kuma 'ya'yan Baba ba za su ƙyale mu ba. Matata kuma ta ce haƙƙi ne, ita ba za ta dafa shinkafar da muka girbe ba. Buhunan suna nan jibge a zaure ba wanda ya taɓa. Ga Bulama, mai garinmu, ya aiko wai in zo in koya wa mutane dabarar.

Ranar Juma'a na je gaishe da Baba. Ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya, da ƙyar maganar ke fita, ya ce, "Ɗana, ka raya gonar abokina, Allah ya yi maka albarka." Na kasa cewa amin.

Likita ya ce kada a tayar masa da hankali. In na faɗa masa, ina tsoron in ƙarasa shi. In na kai masa shinkafar na yi shiru, zai ɗauka kyauta ce, ya ƙara sa min albarka. In kuma na jira ya warke, wa ya ba ni tabbacin zai tashi? 'Yan uwa, in ku ne, ya za ku yi?