Darasin da Ya Rage Mini

Watan Yuni

Zuwa ga Yaya Opal,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Herschel da jikoki. Yaya gwiwar? Allah ya sa likitan nan naku na Dayton ya dace da maganinta a wannan karon. Mu nan lafiya, sai ruwan sama da ya hana ni shiga lambu. Tumatirin da ƙanenki Delmar ya saba dasawa, bana ni na dasa. Layin ya karkace, amma ya fito.

Na san za ki ce me ya hana ni kiranki a waya. Na ɗauki wayar, Yaya, na ajiye tun kafin ta shiga. Kin san ni da nauyin baki, a takarda na fi iya magana. Katin da kika aiko ya iso, wanda kika rubuta "zuwa ga 'yar jami'armu". Na kifa shi a kan firiji, don na kasa kallonsa.

Kin san kwalejin garinmu ta shekara biyu ce, daga nan mutum ya kwashi darussan da ya ci ya kai jami'ar jiha, su karɓa, ya ƙarasa a can. Ni shekara biyar na yi ina jan nawa da yamma, bayan na tashi daga kicin ɗin makarantar firamare, Delmar yana kai ni yana jira a mota da rediyonsa. Makon jiya na je jami'ar don a tsara mini karatun koyar da yara. Wata yarinya mai fara'a ta buɗe sakamakona a kwamfuta tana ta yabo, lissafi ya yi, tarihi ya yi, kimiyya ya yi. Can sai ta tsaya a kan wani layi.

Akwai darussan da suke kira na kowa da kowa, ko likita za ka zama ko malami sai ka ci su. Ɗaya daga ciki shi ne magana a gaban jama'a. Ta ce nawa bai shiga ba. Na ce ai na ci, har difloma aka ba ni, har riga na sa aka ɗauke ni hoto. Ta ce, "Mama, a kwalejinku D ci ne. Mu a nan ba ma karɓar abin da ya gaza C." Gurbin da suka ba ni ashe da sharaɗi ne. In ban kawo C kafin a buɗe makaranta ƙarshen Agusta ba, za a ba wani, sai in sake nema baɗi. Shekarata hamsin da huɗu, Yaya. Ban san ko zan sake samun ƙarfin zuciyar nema ba.

Ban yi mata musu ba, don na san asalin wannan D ɗin. Darasin nan na yi ta gudunsa har ya zama shi ne na ƙarshe. Delmar yakan ce, "Verna, ke da ba a iya saka miki waƙafi, wai magana kike tsoro?" A tsakiyar zangon ne zuciyarsa ta tsaya. Da na koma aji, na rubuta jarrabawa, na rubuta jawabaina tsaf a takarda, amma ranar da aka kira ni gaba na tsaya na kalli idanun nan, na ajiye takardar na fita. Ban sake tashi ba har aka gama. Malam Pruitt mutumin kirki ne, ya san an yi mini rasuwa, ya ba ni D don in fita tare da 'yan ajinmu. Tausayi ya ba ni, ba maki ba. Na sani a lokacin, kuma na karɓa, har kek na gasa na kai masa.

Ke kin ga irin wannan tsayuwar, ba sai na kwatanta miki ba. Ranar jana'iza da fasto ya ce ko uwargida tana da abin faɗi, na fita gaba na tsaya kusa da akwatin gawar kamar an dasa ni, sai da kika taso kika riƙe kafaɗata kika yi magana a madadina. Shekara talatin da ɗaya da mutum, na kasa ba shi ko kalma ɗaya a gaban jama'a. Ban taɓa yi miki godiya ba, don in na gode sai na tuna.

Abin da ya ƙara mini nauyi, matan coci sun riga sun yi mini walima. Wanda Sizemore, shugabar zumuntar mata, ta soya kaji, sun haɗu sun saya mini jakar goyo irin ta ɗalibai, fasto ya sanar daga kan mumbari. Ban faɗa wa kowa ba sai ke. Don Allah ko Herschel kada ya ji tukuna.

Asabar ce ta fi mini wuya, ranar da nake yi wa Delmar aski. Har yanzu kujerar askin tana baranda inda ya bar ta.

Ki gaida kowa da kowa. Ki huta lafiya.

Taki,
Verna

Watan Yuli

Zuwa ga Yaya Opal,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Na ji daɗi da kika ce kumburin ya sauka. Yaya jikar nan taki mai haƙori, ta bar ku kuna barci?

Wasiƙarki ta same ni. Kin ce ke ma ba ki tuna abin da kika faɗa ranar jana'iza ba, bakinki ne kawai yake motsi. Na yarda, amma naki ya motsa. Kin kuma ce in daina zaman makoki a kan harafi ɗaya in koma aji. To na koma. Kwalejin tana maimaita darasin a zangon bazara, a gurguje, kuma sakamako zai fito dab da ranar da jami'a ta yanka mini.

Ba Malam Pruitt ba ne yanzu. Wata ce Malama Ratliff, siririya, tana zama a bayan aji da agogo da katuna. Kore, ka ci gaba. Rawaya, ka fara tattarawa. Ja, lokacinka ya ƙare. Jawabin farko mai sauƙi ne, kowa ya faɗi ko shi wane ne. Na yi ta maimaita nawa wa tumatir a lambu har na haddace. Da na fita gaba na faɗi sunana, na faɗi inda nake aiki, shi ke nan, sauran jawabin ya ƙi fitowa. Wannan karon ban gudu ba. Na tsaya ina kallon takalmina har aka ɗaga jan kati. Ban sani ba ko wannan ci gaba ne.

Bayan an tashi ta tsayar da ni. Ta ce ta san labarina, kuma ta yi mini ta'aziyya. Sannan ta ce, "Verna, ni ba zan ba ki sadaka ba. An ba ki sau ɗaya, kin ga inda ta kai ki." Kunnuwana suka yi zafi kamar yarinyar da aka kama da hannu a tukunya. Amma a mota na ga gaskiya ta faɗa, kuma ta faɗa mini ita a matsayin babba.

Ajin yawanci yara ne sa'o'in jikokinki, sai wani Lonnie Tackett, tsohon direban mota da mahaƙar kwal ta sallama, yanzu yana son zama nas. Shi kuma matsalarsa ba ya iya yin shiru, kullum jan kati ne ke zaunar da shi. Ya ce mini, "Uwar ɗakina, mu haɗa jari mana. Ki ba ni rabin shirunki in ba ki rabin surutuna, mu duka mu tsira." Na yi dariya, rabona da ita na manta.

Ga wani abin kunyar kuma. Motar Delmar kowa ya san ta a garin nan, don haka nake ɓoye ta a bayan ginin koyon walda. Ran nan na haɗu da Wanda a kanti, ta ce ina nake zuwa da yamma ba ta samuna a gida. Na ce ina shirye-shiryen jami'a. Ba ƙarya ba ce, amma ba gaskiya ba ce, kuma ta rungume ni ta ce suna alfahari da ni. Na dawo gida ko abinci ban ci ba.

Jawabi na biyu na karanta shi daga takarda ban ɗaga kai ba, na samu ɗan abin da na samu. Saura na ƙarshe, wanda ya fi duka nauyin maki. Kowa zai nuna wa aji yadda ake yin wani abu da hannu, yana yi yana bayani. In na faɗi a wannan, babu C. Yaran sun ce in yi burodin masara tunda a kicin nake aiki. Na gwada a gida, ina kwaɓawa ina magana da kujeru, amma da na tuna idanu sai cokalin ya tsaya.

Abin da ke ba ni haushi, Yaya, a layin abinci ina magana da yara fiye da ɗari kullum, na san wanda ba ya cin wake da wanda uwarsa take asibiti. Idon yara ba ya daskarar da ni. Na manya ne. Ki sa ni a addu'a.

Ki gaida Herschel. In ya tambaya, ki faɗa masa, na gaji da ɓoyo a wajen dangi.

Taki,
Verna

Watan Agusta

Zuwa ga Yaya Opal,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali duka. Ina fata zafin nan bai takura miki ba. Tumatir ya yi yawa har na rasa kwalabe, na ajiye miki naki.

Ban yi burodin ba. Asabar ɗin da ta gabaci jawabin na fito baranda na ga kujerar nan, sai na shiga na ɗauko akwatin askin Delmar a karon farko tun rasuwarsa. Da na riƙe almakashin na tuna cewa duk tsawon aurenmu babu inda na fi surutu kamar a bayan kansa. Yakan ce, "Verna, aski na zo ko labaran ƙarfe shida?" A nan nake faɗa masa komai, don ba ya kallona, ƙeyarsa kawai nake gani. Na kira Lonnie na ce ko zai ara mini kansa. Ya ce, "Ɗauki, uwar ɗakina, dama babu abin da nake yi da shi."

Ranar na zaunar da shi a gaban aji, na ɗaura masa tawul, na koma bayansa. Mataji ya faɗi daga hannuna. Na ɗauka. Na kafa ido a ƙeyar Lonnie na ce, da farko ana jiƙa gashin. Sai na ji wata maganar ta biyo baya. Na nuna musu yadda ake kama gashi tsakanin yatsu biyu, da yadda ake lanƙwasa kunne a bi bayansa a hankali. Na ce kowane kai yana da wurin da gashi ke juyawa, kada a yi faɗa da shi, a bi shi. Na ce na mijina a hagu yake, kuma sai da na shekara ina ɓata masa kai kafin na gane, shi kuwa ya yi ta zuwa coci da hula bai taɓa cewa komai ba. Yaran suka yi dariya, ban tsaya ba.

Daga nan ban san yadda aka yi ba, na faɗa musu abin da ko ke ban faɗa miki ba. Da aka kai shi gidan shirya gawa, sun taje masa gashin ta dama. Na roƙe su suka bar ni ni kaɗai da shi, na gyara masa da hannuna, na rage abin da ya sauko kan kunne, kuma na yi masa magana tun daga farko har ƙarshe. Na ce musu mutumin nan shekara biyar yana zama a mota cikin sanyi don in zama malama, bai taɓa tambayata yaushe za a gama ba.

Ashe an ɗaga rawaya, an ɗaga ja, ban gani ba. Abin da ya tsayar da ni kafaɗun Lonnie ne da suka fara girgiza. Ƙaton mutum yana kuka da rabin aski. Ya ce gashi ne ya shiga masa ido. Na ƙarasa masa a waje, a bakin mota.

Malama Ratliff ba ta yi mini sadaka ba. Ta rage mini maki don na wuce lokaci, ta rage don ban kalli jama'a ko sau ɗaya ba, ta rubuta duka a fili. Da aka haɗa komai, C ya fito, ba ƙari ba ragi. Kwalejin ta tura wa jami'a, yarinyar nan mai fara'a ta kira ni ta ce gurbina yana nan. Na juyo da katinki a kan firiji.

Na je na sami Wanda na faɗa mata komai, kaina a ƙasa. Ta ce, "Haba Verna, ɗan ƙanwata walda yake koya. Tun Yuli muka san inda motar take kwana da yamma. Jira muke ki gama." Ban san wace kunyar ta fi ba, ta ɓoyon ko ta ganin cewa sun rufa mini asiri ina ta wahalar banza.

Yanzu ga roƙona. Lahadin ƙarshen wata ne ranar gyaran maƙabartar gidanku, dangi za su taru a share kaburbura a ci abinci a kan ciyawa. Ina so in faɗi abin da na kasa faɗa ranar jana'iza. Amma ba zan yaudare ki ba, har yanzu ban iya kallon idanu ba, an ma rubuta mini a takarda. Don haka ki zo, Yaya, ko da sanda ne. Zan kawo kujerar baranda in ajiye kusa da kabarin Delmar, ki zauna ki ba ni baya. Ƙeyarku iri ɗaya ce ke da shi, na lura tun ranar aurenmu, gashinki ma a hagu yake juyawa. Kada ki je wajen mai gyaran gashi kafin nan. Zan zo da almakashi.

Ki gaida Herschel da yara. Sai na gan ki.

Taki har kullum,
Verna