Turken Akuya a Bakin Masai

Jega, daren Laraba, daminar 1993

Yau kwana biyar ban zagaya ba. Da hantsi na shiga masai da buta, na tsuguna ina ta yunƙuri, ba abin da ya fita. Da na zo tashi, cinyoyi suka ƙi. Ni da na shekara ashirin ina taka keke zuwa Mungadi koyarwa.

Malamin asibiti ya ce naman da ya zube a ƙafa ya zube a ciki ma, shi ya sa ba ƙarfin turawa. Wai in ci wake da zogale, in riƙa tafiya. In na ci, ciki ya ƙara cushewa. In na ƙi, ƙafa ta ƙara ramewa.

Ina nan tsugune a masai, matata Hajara ta ji shiru, ta tsaya bayan zana. "Malam, lahiya? In shigo?"

"Kul!" na ce.

Da rarrafe na fito. Da la'asar ta ciro turken akuyarta ta kafa a bakin ramin. Na yi ta faɗa.

Bayan magariba na sake gwadawa, ban samu ba, amma turken na kama na miƙe. Ga akuyar can tana yawonta a tsakar gida, ni ne a turke.