Ranar Da Na Manta In Juya Alamar

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma akwai maganar da na kasa faɗa wa mai rai yadda take a zuciyata.

Inna, tsoro nake ji.

Ran Talatar da ta wuce ina gaban allo a makarantar 'yan matan da nake koyarwa a nan Daura, ina darasin da na tsufa ina yi. Lissafi ne mai ɓangare biyu, ɗaya ya fi ɗaya, da 'yar alama a tsakani mai buɗe baki wajen babban. Dokarsa ba wuya. In ka ƙara ko ka rage abu iri ɗaya a kowane ɓangare, alamar tana nan yadda take. Amma in ka ninka ko ka raba da lambar da ke ƙasa da sifili, dole ta juya. Da rijiyar gidanmu ta Dutsi nake ba su misali: biyar ta fi biyu, amma wanda ya sauka gaba biyar cikin rijiya yana ƙasa da wanda ya sauka biyu.

Na rubuta −2x > 6. Na raba da −2, na rubuta x > −3, na juyo ina karkaɗe alli.

Sai wata ɗaliba, Nusaiba, ta ɗaga hannu a hankali ta ce, "Malam, ba a juya ba."

Kuskure ba komai ba ne, kowa na yi. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne ban gane me za a juya ba. Na tsaya ina kallon rubutun hannuna kamar na baƙo. Nusaiba ce ta fito ta sa sifili a madadin x, yadda na koya musu gwada amsa, sai ga shi wai sifili ya fi shida. Sannan abin ya dawo mini. Na goge, na rubuta x < −3. Yaran suka yi dariya, sun ɗauka gwada su nake yi.

Ke ma da dariya muka fara ɗaukar mantuwarki. Kika maimaita gishiri a miyar kuka, kika ce, "Tsufa ne, ba ya sallama." Daga nan sai neman buta alhali tana hannunki. Har ranar da na zo gaishe ki, ke da ba ki taɓa kama sunana ba don kunyar ɗan fari, kika dube ni ido cikin ido kika ce, "Bawan Allah, daga ina?"

Ran Juma'a kuma na taso daga masallaci a kan babur, na zo mararraba na tsaya. Ban san ta ina gidana yake ba. Bai daɗe ba, amma ya faru.

Na gaya wa mai ɗakina, Hajara. Ta ce, "Gajiya ce, Malam," sai dai ta juya baya tana goge ido da mayafi. Ita ta matsa muka je asibiti. Likita ya ce jinina ya hau sosai, wataƙila shi ne, wataƙila ba shi ba ne. Ya tura ni Katsina aka ɗauki hoton kaina. Ran Litinin zan ji sakamako.

Ba aikin nake ji ba, Inna, ko da yake ina son sa. Takwararki nake ji, 'yata Ummi, wadda ba ta ko gama firamare ba. In ta kawo mini ruwa sai in riƙa maimaita sunanta a zuci. Wa zai aurar da ita in na zama ban san ta ba?

Abu ɗaya nake riƙe da shi. Kin manta kowa, kin manta hanyar ɗakinki, amma da an tada salla sai bakinki ya kama Fatiha, ba harafin da ya taɓa kuɓuce miki har kika cika.

Ya Allah, Ka haskaka kabarin Inna, Ka ba ni lafiya. In kuma abin da nake tsoro ne, Ka bar mini abin da Ka bar mata.

Ɗanki,
Lawal