Sawun Yatsan Baffa a Gilashin Kwamfuta

Assalamu alaikum admin, sannu da ƙoƙari. A ɗora min wannan a guruf amma a sakaya sunana, saboda rabin mutanen da zan yi magana a kansu 'ya'yansu suna nan ciki. 'Yan uwa don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, raina a ɓace yake, in ban ɗauko daga tushe ba ba za ku gane ba.

Ni mutumin yankin Kura ne, shekara goma sha ɗaya ina sakataren ƙungiyar manoman da ke shan ruwa a ƙaramin kanal ɗinmu. Ga waɗanda ba su san noman rani ba, ruwa ba ya isar kowa a lokaci guda, musamman yanzu da zafi ya shigo, shi ya sa ake yin rabo, kowane manomi da ranarsa. Ni nake buga jadawalin kowane mako, in manna ɗaya a ƙofar ofis, in ba mai getin ruwa ɗaya. Shi kuwa mai geti takarda kawai ya sani, sunan da ta nuna shi yake buɗe wa ruwa, kuma al'adarmu ce idan mutum ya yi tafiya ko yana jinya, mai getin ne zai juya masa ruwa cikin gonarsa ranar da sunansa ya fito. Duk tsawon shekarun nan ba a taɓa kama kuskure ko ɗaya a takardata ba, da wannan nake ɗaga kai a gari.

Da wata tsohuwar kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya nake aikin, na san ta ta san ni. Wata huɗu da suka wuce sai ciyaman ɗinmu ya je taron wani shirin tallafa wa manoma, ya dawo da sabuwa fil a kwali, siririya, wai ita ba sai da maus ba, da yatsa ake taɓa ta kamar waya. Aka kwashe fayilolina aka zuba a ciki, tsohuwar kuma ya sa aka ɗaura a Keke Napep aka kai gidansa, ko shawarata bai nema ba. Na kunna sabuwar, maimakon in ga fayilolina a jere yadda na saba, sai ga akwatuna masu launi sun cika fuskar, kore, ja, shuɗi, wasu har juyawa suke da kansu, ɗaya yana gaya min za a yi ruwan sama a wani gari da ban taɓa jin sunansa ba. Maɓallin nan na ƙasa ta hagu, wanda nake dannawa in sami komai, sun cire shi. In ka buɗe abu sai ya mamaye fuskar gaba ɗaya, babu alamar da za ka danna ka rufe. Ka kai maus gefe bisa kuskure, sai wani abu ya leƙo, ka dawo nemansa da gangan kuma ya ƙi fitowa. Wallahi kwana uku ina zare waya daga soket in zan tashi, don ban ga inda suka ɓoye wurin kashewa ba. Ina so in san wanda ya zauna ya tsara wannan abu, shi in aka shiga ɗakinsa aka sauya wa komai wuri ba da saninsa ba, godiya zai yi?

Zan faɗi nawa laifin tun yanzu kafin wani ya rigaye ni a kwament. Masu shirin sun ce a turo sakatare Kano a koya masa na kwana biyu, na ƙi zuwa. Na ce ni da na fara da tafireta tun kafin a haifi mai koyarwar, ba wanda zai zaunar da ni a benci. Girman kai ne, na sani. Sai na riƙa laluba da kaina, duk abin da na gano in rubuta a takarda in liƙa a bango, yadda ake kashewa, yadda ake komawa tsohuwar fuskar da ke laɓe a bayan akwatunan, yadda ake korar kibod ɗin da ke tasowa a jikin gilashi ya rufe rabin aikina. Da haka na ɗan saba, na koma aiki da maus, na yi kamar babu wani zancen taɓawa. Abin da ban yi ba shi ne gaya wa mutane kada su taɓa, don ban so a ce sakatare yana tsoron kwamfutarsa.

To mutanenmu kun san su. Manomi in ya shigo ofis ba ya yarda da baki, sai ya zagayo bayanka ya leƙa ya ɗora yatsa a kan sunansa ya ce ga ni nan. Shekara da shekaru haka suke yi a tsohuwar kwamfuta, iyakarta in goge laka da yamma.

Cikin masu wannan ɗabi'a babu kamar Baffana, yayan mahaifina, wanda shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, ya sa ni makaranta, ya yi min aure. Ya haura saba'in. Bai yi boko ba, amma ya haddace surar sunansa, duk inda ya gan shi zai gane, kuma yana jin daɗin nuna hakan ƙwarai. Ranar Asabar ɗin da abin ya faru na shafe kusan awa ɗaya ina faɗa da kwamfutar, ta ce sai ta sabunta kanta, ta kashe kanta ta kunna ba da izinina ba, ga mai geti a tsaye a kaina yana jiran takarda. Na gama bugawa ke nan na juya ina saka takarda a firinta, Baffa ya shigo daga gona, muka gaisa, na ji yana cewa ga shi nan ranar Talata, Allah ya yi albarka. Ban ko waiwaya ba. Na danna, takarda ta fito, na miƙa wa mai geti, ɗayar na manna a ƙofa, ban karanta ba. Ni da nake bin kowane layi sau biyu, ranar haushi ya hana ni.

Sunan da ke ƙarƙashin na Baffa a jadawalin na wani bawan Allah ne, bari in kira shi Malam Iro, ranarsa Laraba. Kwana biyu kafin nan ya gama dashen shinkafarsa, sai jikin mahaifiyarsa ya tashi, ya tafi da ita asibiti a Kano, hankalinsa kwance cewa mai geti zai ba gonarsa ruwa. Ya yi kwana tara. Da ya dawo ya tarar da ƙasar fangalinsa ta tsage, dashen ya ƙone ƙurmus, abin da ya rage bai kai a kira shi gona ba. Ya tari mai geti da faɗa, mai geti ya zaro takarda ya nuna masa, Talata sunan Baffa, Laraba ma sunan Baffa, nasa babu shi ko'ina.

Malam Iro ya zo ofis ya same ni a gaban mutane. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Ya ce shi dai ya bar ni da Allah, yana can yana jinyar uwa ni kuma ina nan ina shayar da gonar gidanmu da ruwansa. Ni kuma da zuciya, maimakon in ba shi haƙuri sai na ɗaga murya, na ce ya je ya tambayi ciyaman da ya kawo mana wannan jarabar. Magana ta kai kunnen ciyaman, ya aiko a gaya min kwamfuta ba ta da baffa, kuma ba ta san gonar kowa ba. Yanzu ko shago na je sayen sabulu sai in ga an yi shiru. Matata ta je suna ta dawo tana kuka, wai wata ta tambaye ta ko ruwan da muke sha a gida ma na Laraba ne.

Na zauna na rasa yadda aka yi, don na san da hannuna na buga sunan Malam Iro. Sai shekaranjiya da safe, kafin in kunna kwamfutar, hasken taga ya faɗo a kan gilashin, na ga sawun yatsa na busasshiyar laka, ya fara daga tsakiya ya ɗan ja ƙasa. Na buɗe jadawalin, sawun ya faro daidai kan layin Talata ya sauka kan Laraba. Na gwada da yatsana a wani layin, na dafa suna na ja ƙasa, nan take sunan ya kwafi kansa ya hau kan na ƙasa ya shafe shi, ba ƙara, ba tambaya, ba komai. Kwamfutar da in zan goge hoton banza sai ta tambaye ni ko na tabbata, ta shafe ruwan mutum ba ta ce uffan ba.

Baffa bai san ya yi ba. Na je gaishe shi da yamma ina so in ɗan taɓo zancen, na tarar shi ma maganar ce a ransa. Ya ce da mai geti ya ce masa yana da ruwa Laraba, ya zaci ƙungiya ce ta duba cewa gonarsa tana can ƙarshen kanal inda ruwa ke isa a gajiye, har addu'a ya yi mana. Sannan ya kama hannuna ya ce, ɗan nan, in don ni ka yi, ba ka kyauta min ba, ban rene ka da haram ba. Mutumin da tun da abin ya faru ya daina zama a dakalin masallaci bayan la'asar don kunyar abin da yake zaton ni na yi, ta yaya zan ce masa Baffa yatsanku ne?

An sa mitin ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma an ce in zo in yi bayani a gaban kowa. Idan na ce kwamfuta ce ta yi da kanta, dariya za a yi min, kuma ƙarya ce. Idan na juyo musu da gilashin na nuna sawun, na gwada a gabansu, na san zan fita daga zargin sata, amma na san garinmu. Ba wanda zai ce tsautsayi ne, cewa za a yi tsoho ya san abin da yake yi, me ya sa yatsan bai ja sama ba sai kan ranar maƙwabcinsa. Zai ƙarasa rayuwarsa ana nuna shi, ga hawan jini yana fama da shi. Idan kuma na ce kuskurena ne na yi shiru a kan sauran, ba ƙarya na yi ba gaba ɗaya, ni ne ban karanta ba, ni ne ban hana taɓawa ba, ni ne na ƙi zuwa koyo. Amma ba wanda zai yarda kuskure ne ya zaɓi sunan baffana, za su karɓe sakatarancin, wannan bai dame ni sosai ba, abin da ya dame ni 'ya'yana su tashi ana ce musu 'ya'yan ɓarawon ruwa, kuma shi kansa Baffa ya tafi kabari yana zaton na ci amana.

Malam Iro kam ko me aka yanke na yi niyyar zuwa in ba shi haƙuri, in bar masa fangalina biyu ya girbe, duk da na san ba za su mayar masa da nomansa na bana ba. Haushin kwamfutar nan kuwa har yanzu yana cina, jiya sai da na ɗaga kujera zan maka mata, na ajiye. Yanzu na gitta benci a bayana don kada kowa ya matso, na rubuta KADA A TAƁA da manyan baƙaƙe, bayan an riga an taɓa.

Don Allah masu ilimin addini da dattawan guruf ɗin nan ku faɗa min gaskiya, ban son a lallashe ni. In na rufa wa Baffa asiri na bar Malam Iro bai san yadda aka yi gonarsa ta ƙone ba, na shiga haƙƙinsa? In kira su su biyu a ɗaki kafin Juma'a, ko hakan zai zama kamar na je neman a binne magana? Wanda ya taɓa shiga irin wannan tsakanin sunansa da mutuncin wanda ya rene shi, ya gaya min me ya zaɓa.

Sawun yana nan ban goge ba, na lulluɓe gilashin da tsohon zanen matata, makullin ofis yana aljihuna. Yau Laraba, saura kwana biyu. In goge, ko in nuna?