Muryar Inna a kwamfutar da ta ƙone

Yaya Rakiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya zaman Maradi, yaya kuma ƙafar taki? Mu nan Yakasai sai godiya, amma tun da harbe-harbe suka yi yawa, magariba na yi unguwa take yin tsit. Ni kaɗai nake cin tuwo a ɗakin Inna.

Yaya, kwamfutar shagona ta ƙone. Lokacin dokar hana fita ban samu na je na kashe ta ba, aka kawo wuta da ƙarfi. A cikinta hotunan gidanmu suke, da hirar da na ɗauka da Inna kafin rasuwarta.

Da hankalina a kwance yake, don faifai biyu na sa mata, duk abin da ya shiga ɗaya sai ya shiga ɗayan. Na kai wa Malam Sani mai gyara. Ya buɗe, ya girgiza kai, ya ce, "Malam Bashir, amfanin biyun shi ne idan ɗaya ya lalace. Waɗannan wuta ɗaya ce ta ci su. Ba ka ajiye a wani wuri daban ba?" Ni kuwa ban ajiye ba.

Sai jiya na tuna na taɓa tura wa ɗanki Aminu guntun hirar. Don Allah ki sa ya duba wayarsa. Ko kaɗan ne, ina so na sake jin ta kira sunana.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Bashir