Ranar da Rokar Prudencio Ta Haye Kwazazzabo

San Bartolo, ƙasar Meziko
Watan Oktoba, 1915

Zuwa ga yayana abin alfaharina, Anastasio,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga ƙanwarka Casilda. Ina roƙon Ubangiji Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Leocadia da yara, ya kuma tsare ka duk sa'ad da ka shiga ramin nan na haƙar tagulla a Arizona, ya fito da kai lafiya. Mu nan lafiya lau muke. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, ko coci ba ta zuwa sai an ɗauke ta a kujera, amma bakinta garau yake yadda ka san shi. Masara ta yi kyau bana, wake ne dai ruwa ya yi wa yawa.

Na san labarin yaƙi yana iso muku a guntule, na kuma san hankalinka bai kwanta ba tun da ka ji mahayan Melitón Cuervo sun doso yankinmu. To ka kwantar da hankalinka. Garinmu yana tsaye, gidan da aka haife mu ko tagarsa ba a fasa ba. Bari in ba ka labarin da kaina, domin in na bar wa maigidana Prudencio, kafin ya kai ƙarshe zai zama shi kaɗai ya kori runduna.

Ka san tun da aka ɗauki mai buga wayar garinmu aka kai shi bakin daga, 'yata Herminia ce ke riƙe da ofishin tangarahu. Duk umarnin da gwamnan jiha zai ba sojojin da ke tsaronmu, ta hannunta yake biyowa. Ranar wata Alhamis da safe tana tsakiyar karɓar saƙo sai na'urar ta yi tsit. Ta taɓa nan, ta taɓa can, shiru. Kafin hantsi makiyaya suka shigo a guje da labari cewa 'yan leƙen asirin Cuervo sun ƙone gadar kwazazzabo, sun sare falwaya a gefenmu da wancan gefen, waya ta zube cikin kogi. Kogin kuwa ya cika ya tumbatsa, ko alfadari ba ya gwada shi. Ga tashar jirgin ƙasa can a hayin Tepozán muna hango hayaƙinta, amma ta yi mana nisa kamar Arizona.

Kyaftin Zubieta, shugaban sojojin, ya tara mu a ƙofar coci. Mutumin kirki ne, kuma da ganin fuskarsa ka san maganar tana masa nauyi. Ya ce yana da umarni tun tuni cewa in waya ta yanke kuma abokan gaba sun fi shi yawa, ya janye mutanensa ta hanyar duwatsu, kada a ƙarar da su a banza. Ya ce mahayan za su iso gobe da safe, shi kuma ba shi da ikon sauya umarni sai gwamna ya sauya, don haka duk mai iya tafiya ya ɗaure kayansa ya bi su. Ka san abin da Cuervo ya yi wa garuruwan da aka bar masa, ba sai na rubuta ba. Da aka kai wa Inna labari, cewa ta yi ita da ta ga zuwan Faransawa ta ga tafiyarsu, babu wani ɓarawon shanu mai kiran kansa janar da zai tashe ta daga kujerarta. Ni kuwa na san ba zan bar ta ba, Herminia kuma ba za ta bar ni ba. 

Nan fa Prudencio ya miƙe. Tun da soja suka kwashe masa albarushi a farkon yaƙi ba ya haɗa rokokin wasan wuta, sai zaman ɓarar wake yana damuna da surutu. Ya ce wa Kyaftin in za a mayar masa da gangar albarushinsa da ke kulle a bariki, zai haɗa rokar da za ta haye kwazazzabo da zare a wutsiyarta. Zare ya jawo igiya, igiya ta jawo waya. Wasu suka yi dariya. Don Eusebio mai aski ya ce rokokin Prudencio ai ko a bikin waliyyi ba su san inda za su ba, kafin yaƙi ma ɗaya ta faɗa cikin tukunyar miyar matarsa. Prudencio ya ce masa ai gyara miyar ta je yi, kowa ya san ba ta da yaji. Kyaftin bai yi dariya ba. Ya dubi rana, ya ce ya ba shi zuwa la'asar, in waya ba ta yi magana ba zai busa ƙahon tafiya.

Ban taɓa ganin garinmu ya yi aiki da zuciya ɗaya kamar ranar ba. Mu mata muka kwance zaren saƙarmu, har wanda na tanada don mayafin Inna, muka ƙulla shi muka jera a faffaɗan tire a hankali don kada ya sarƙe. Maza suka tattaro igiyoyin alfadarai, soja suka mirgino naɗin wayar da ke ajiye a bariki. Fada ya sa aka yi ta kaɗa ƙararrawa har mutanen Tepozán suka fito bakin kwazazzabo ta gefensu, tare da Don Fulgencio mai gyaran wayar tasha. Ka san mu da su, ba a haɗuwa ba a yi tsiya ba. Da ƙyar murya ke kaiwa, amma da aka fahimtar da su abin da za a yi, sai ga wani ya ƙwalo cewa su kam za su ɓoye awakinsu tukuna.

Roka ta farko ta tashi da kyau, sai ta yi kwana ta dawo ta kan kawunanmu, ta faɗa gonar Don Eusebio. Soja suka kwanta a ƙasa, mutanen Tepozán suka yi ta ihu suna jefa huluna sama, wai mu gwada juya wa kwazazzabon baya, ƙila ta zo musu. Ta gaba ta miƙe sosai, amma wutarta ta cinye zaren tun ba ta kai rabi ba. Rana ta karkata. Na ga soja sun fara ɗaura wa alfadarai kaya, na ga Kyaftin yana kai da komowa hannunsa a baya. Na je kusa da Prudencio in ce masa wani abu, sai ya ce in tafi in jiƙo masa bakin zaren a ruwa in daina kallonsa kamar gawa. Ya ƙara wa sandar rokar tsawo, ya ɗaura guntun siririyar waya tsakaninta da zaren, ya zuba duk albarushin da ya rage. Ya ce wa jama'a su ja da baya, shi kuwa ya tsaya ya riƙe bututun harba rokar da hannunsa don kada ya goce.

Yaya, ƙarar da ta yi sai da tsuntsayen kwazazzabo duka suka tashi. Zare ya riƙa fita daga tire yana shuu, ni ina riƙe da bakin tiren. Muka ga hayaƙin ya yi baka a sama, ya wuce kogi, ya wuce bakin dutse, ya sauka cikin murtsunguwa a bayan mutanen Tepozán. Wata mata ta kutsa cikin ƙaya ta ɗago zaren sama. Ihun da aka yi gefe biyu ban san wanda ya fi ba. Prudencio kuwa girarsa ta tafi duka, gashin bakinsa saura rabi, hannunsa na dama ya ƙone har gwiwar hannu, amma tsalle yake yana kiran Don Eusebio ya zo ya ga miya.

Aka ja zare a hankali, aka ja igiya, aka ja waya. Don Fulgencio ya haɗa ta can, soja suka kafa sabon turke suka haɗa ta nan. Na ruga ofis na tarar da Herminia zaune ta ɗora yatsa a kan na'ura, Kyaftin tsaye a kanta. Sai ƙarfen nan ya fara ƙwas-ƙwas. Yarinyar nan ko murmushi ba ta yi ba, ta shiga buga abin da Kyaftin ke faɗa mata: yawan mahaya, inda suka kwana, da cewa gari cike yake da tsofaffi da yara. Jiran amsa ya fi komai tsawo. Da ta zo, ta rubuta ta miƙa masa, ya fita ya karanta wa jama'a da babbar murya. Gwamna ya ce a tsaya a riƙe San Bartolo, jirgi ya taso da soja da igwa, an kuma buga wa sojojin wasu garuruwa biyu waya su tare mashigin dutse ta bayan Cuervo. Soja suka shiga sauke kayan da suka ɗaura suna waƙa.

Da gari ya waye mahayan suka iso, suna zaton za su tarar da gari babu mai tsaro. Aka yi ta musayar wuta a bakin makabarta har hantsi, kuma ba zan ɓoye maka ba, sun kusa shigowa. Sai muka ji kukan jirgi a hayin Tepozán. Sojan gwamna ba su da gadar hayowa, amma igwarsu ba ta bukatar gada. Suka kafa ta a bakin kwazazzabo. Wani saje ya hau hasumiyar coci yana duban inda harsashi ya faɗi, yana ƙwalo wa na ƙasa, na ƙasa su faɗa wa Herminia, ita kuma ta buga wa tasha cewa a ƙara gaba kaɗan, ko a karkata hagu. Harsashin bindiga ya fasa gilashin tagarta, ta kakkaɓe shi daga kan tebur ta ci gaba. Da igwa ta fara sauka tsakiyar dawakinsu sai suka watse, suka nufi mashigin dutse, can kuma suka tarar ana jiransu. An ce Cuervo ya tsira da 'yan mutane kaɗan, ko hularsa bai tsaya ɗauka ba.

Mun yi rashi. Soja huɗu sun mutu, da Nicanor ɗan maƙeri, abokin wasanka na yarinta, wanda ya ɗauki bindiga ya tsaya tare da su. Ka sa shi a addu'a, in ka samu hali ka rubuto wa mahaifiyarsa.

Gwamna ya bugo waya yana gode wa mutanen San Bartolo da na Tepozán, ya ambaci Herminia da Prudencio da sunayensu. Mutanen Tepozán sun ce tunda an haɗa mu a saƙo ɗaya, da mu da su za a gina sabuwar gada, amma wai kada a bar Prudencio ya auna ta. Hannunsa yana warkewa. Ka san tun aurenmu Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce mai tartsatsin nan. Ranar Lahadi ta sa aka kira shi, ta zaunar da shi a gabanta, ta shafa masa man ƙuna da hannunta, ta ce Prudencio ɗana, ka yi aiki. Mutumin nan da bakinsa ba ya rufuwa sai ga hawaye na bin inda rabin gashin bakinsa yake a da.

Ka gaishe mini da Leocadia, da Ramiro da ƙaramar Chabela, da kawu Hilario in yana nan kusa da ku. Inna tana sa muku albarka. Herminia tana gaishe ka, Fada ma ya ce a gaishe ka. Prudencio ya ce in gaya maka kada ka zo sai girarsa ta fito, don ba ya son ka riga mutanen Tepozán mutuwa da dariya. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka ƙanwa har kullum,
Casilda