Mai Zuwa Dubiya Ƙarfe Huɗu

Nassarawa, Kano
19 ga Satumba, 1960

Zuwa ga Yaya Milka,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya aiki, yaya fama da majinyata? Baba Ɗanjuma, mai lambun gidan Baturenmu, shi zai miƙa miki wannan.

Yau kwana tara da tafasasshen ruwan motar Bature ya feso wa maigidana a fuska aka kai shi asibitinku, ban sa shi a ido ba. Kin san ba na fita sai da izininsa. Wansa, Yaya Mamman, ya ce shi ba zai ba ni ba, wai yarinya ba ta shiga ɗakin maza. Kullum sai ya tsaya bakin ƙofa ya ce da sauƙi, ya juya. Amma Baba Ɗanjuma ya ce an naɗe masa idanu, zazzaɓi ya rufe shi, ko koko ba ya karɓa.

Littattafai ukun da kika aro mini na karance su, na sake. A cikinsu mace takan haura katanga ta je ga mijinta. Ni ko igiyar shanya ban wuce ba. Don Allah ki roƙar mini izininsa in zo dubiya.

Ƙanwarki,
Hajara

21 ga Satumba

Amarya,

Na gaishe ki. Takardarki ta ba ni dariya, littattafan nan sun koya miki wasa da hankalin manya. Wane izini kuma, ke da kike zuwa tun ranar Asabar? Da an kaɗa ƙararrawar ƙarfe huɗu sai ga ki da baƙin lulluɓi har ƙasa, da 'yar ƙwaryarki ta kunu. Jiya na ce miki sannu, kika sunkuyar da kai kamar kin ga surukarki. Kunyar Kanawa dai. Awa guda kina zaune gefen miji, ko uffan.

To zuwan naki ya yi rana. Mijinki Malam Jibrin da ya ture mana cokali kwana shida, yanzu yana shanye ƙwaryar tas. Zazzaɓi ya sauka, ƙunar ta fara bushewa. Sista Baturiya ta ce allurarta ce, na ce to. Shekarata takwas a ɗakin nan, na san wanda ake zuwa dubawa tun daga yadda yake kwanciya. Akwai wani mutumin Haɗeja a gado na tara, babu mai zuwa wurinsa, ciwonsa bai kai na mijinki ba, amma ya juya fuska bango yana ta ramewa.

Ki ci gaba da zuwa, ki kuma riƙa amsa gaisuwa.

Yayarki,
Milka

22 ga Satumba

Yaya Milka,

Ina gaisuwa. Wallahi ba ni ba ce. Ranar Asabar ƙarfe huɗu ina tsakar gida ina tsince shinkafa, matar kukun Bature shaida ce. Ba ni da baƙin mayafi. Uwarsa ta rasu, ƙanwarsa ɗaya tana aure a Ringim da tsohon ciki.

Na zauna na yi ta tunani. Idan mace ta zauna gefen namiji ta rufe fuska ba ta magana, kowa cewa zai yi matarsa ce mai kunya. Shi kuma ba ya gani. Me take ba shi a ƙwaryar? Jiya da la'asar na tsaya bakin taga ina kallon layin dalbejiya, ana ta ɗaura tutocin 'yancin kai, ina cewa a raina yanzu tana zaune a wurina. Na rasa ko godiya zan yi mata ko kuka.

Ki duba mini fuskarta. Ki gaya masa gaskiya.

Hajara

26 ga Satumba

Ƙanwata,

Gaisuwa. Na daina dariya.

Na tare matar a baranda ranar Juma'a, na ce, "Baiwar Allah, daga ina?" Ta ce, "Dubiya na zo." Muryar ba taki ba ce. Na sa ido in ga fuska, ga hasken rana tarwai, amma ba zan iya faɗa miki ko fara ce ko baƙa ba.

Na tambayi Malam Garba mai gadi, wanda ya fi kowa daɗewa a nan. Ya ja ni gefe. Ya ce ta zo bara da damina wurin wani tela, Inuwa, da likita ya fid da rai da shi. Ya warke sarai. Ranar da aka sallame shi ya bi bayanta ta ƙofar nan yana murmushi, danginsa suka iso da azahar suka tarar da gado a gyare. Har yau nemansa suke. Kafin shi akwai wani da uwarsa ta kore ta da zagi. Kwana uku ya ƙara a duniya.

Ni mai zuwa coci ce, ban saba kama irin wannan zance ba, amma ba zan kore ta ba, ba kuma zan gaya masa ba. Sista ta ce kada a tayar masa da hankali. Abin da na yi shi ne, ina wanke masa ƙuna na ce, "Malam Jibrin, amarya fa ba ta nemi izini ba." Ya yi dariya ya ce, "Na yafe mata. Ta zo kullum."

Ga izininki nan daga bakinsa. Ki riga ƙararrawa.

Milka

27 ga Satumba

Yaya Milka,

Bayan gaisuwa. Na neme ki aka ce kina ɗakin tiyata. Na faɗa wa Yaya Mamman ƙanensa ya ba ni izini, sai ya sa Baba Ɗanjuma ya raka ni.

Ni na fara shiga. Na zauna a kujerar, na taɓa hannunsa. Ya ce, "Yau hannunki da ɗumi." Na ba shi kunun tsamiyar da na dama, ya yi cokali uku ya ce ba irin na jiya ba ne.

Sai ga ta. Ta bi gadaje tana sannu kamar kowa, ta zo ta tsaya wajen ƙafafunsa da ƙwaryarta. Ba ta dube ni ba. Shi kuwa ya juya kansa wajenta a hankali, da idanunsa a naɗe. Na ga idan na yi shiru, ni da ita ɗaya ne a wurinsa. Yaya, tunda aka ɗaura mana aure ban taɓa kama sunansa ba. Na buɗe baki gaban maza goma sha biyu na ce, "Jibrin, ni ce Hajara." Wani tsoho ya ce a'uzubillahi. Na ci gaba da zuba, na ba shi labarin kazarmu da ta yi ƙyanƙyasa, da akwatunan da Bature yake ɗaurewa, har da labarin littafi. Ya ce, "Yau wa ya kwance miki baki?" Ya shanye kunun.

Ban ga fitarta ba. Amma da zan tafi goshinsa da zafi. Ko na yi kuskure?

Hajara

29 ga Satumba

Hajara,

Gaisuwa a gurguje. Zazzaɓin yana hawa yana sauka, amma tun safe ke yake tambaya, da sunanki. Mai baƙin lulluɓin kuwa kwana biyu ba ta shigo ba.

Gobe Juma'a ƙarfe goma likita zai kwance masa idanu. Na roƙi Sista, ta yarda ki tsaya a gabansa, ya zama ke zai fara gani. Malam Garba ya ce ɗazu ta zo bakin ƙofa ta tambaye shi ƙarfe nawa za a kwance. Bai faɗa mata ba, amma ta yi masa godiya ta tafi.

Ki zo ƙarfe takwas. Kada ki rufe fuska.

Milka